Sukari na kwana lafiya ya tashi 220 da asuba: a ƙara allurar dare ko a bari?

Mai Kula da Zaure
Assalamu alaikum. Wannan tambayar ta maimaitu a zauren nan sau da yawa, shi ya sa na ga gara a buɗe ta a wuri ɗaya. Mai ciwon sukari yana kan allurar insulin safe da yamma. Ƙarfe 10 na dare ya auna sukarin jininsa ya ga 130 (a ma'aunin mg/dL), ya kwanta bai ƙara cin komai ba, bayan sallar asuba ya auna ya ga 220. Kusan kullum haka. Daga ina wannan sukarin ya fito? Kuma daidai ne ya ƙara yunit huɗu a allurar yamma? Likitoci da ma'aikatan jinya da ke nan, bismillah.

Likitan Sukari
Wa alaikumussalam. Kada ya ƙara ko yunit ɗaya tukuna. Lambar safe ita kaɗai ba ta faɗin abin da ya faru cikin dare, kuma abubuwan da ke kawo ta maganinsu ya saɓa wa juna: wani ƙari yake so, wani ragi, wani kuma sauya lokaci kawai.

Sukarin daga hanta yake fitowa. Hanta rumbu ce, tana tsiyayo da sukari cikin jini duk dare don kada ƙwaƙwalwa ta rasa abinci. Daga wajen ƙarfe 3 zuwa 8 na safe jiki yana sakin sinadarin girma da kotizol da adirenalin, su kuma suna sa hanta ta ƙara buɗe ƙofa, suna kuma rage wa insulin kaifi. Mai lafiya, gaɓar da ke yin insulin a jikinsa ce take ƙara ɗan abin da ake buƙata ba tare da ya sani ba. Wanda ya dogara da allura kuwa abin da ya zuba jiya da yamma shi ke nan gare shi. Wannan shi ne hawan asuba, kuma tun 1981 aka ba shi suna a rubuce-rubucen likitanci.

Abin yi na farko awo ne, dare uku: lokacin kwanciya, ƙarfe 3 na dare, da farkawa kafin a sa komai a baki. A ci abincin dare da wuri, aƙalla awa huɗu kafin awon kwanciya, kada ya zama mai maiƙo sosai, kada kuma a zaɓi daren da aka yi wasan ƙwallo ko aikin ƙarfi da yamma. A rubuta lambobin tare da lokacin allura da yawan yunit.

Sista Mai Jinya
Na gode Likita. Ni abin da nake jin tsoro shi ne lambar ƙarfe 3 ɗin nan. A ce kwanciya 120, ƙarfe 3 ya zama 58, safiya 200. Sukari ya faɗi cikin barci, jiki ya firgita ya zubo da na hanta. Idan irin wannan mutumin ya ƙara yunit huɗu, gobe ba 58 zai gani ba, ƙila sai an ɗauke shi a sume. Alamomin da za a tambayi wanda ke kwana kusa da shi: zufa ta jiƙa riga da matashin kai ko da ba a zafi, mugun mafarki, juye-juye da surutai, sannan ya tashi da ciwon kai da kasala kamar bai yi barci ba.

Likitan Sukari
Sista, a kan haɗarin muna tare ɗari bisa ɗari. Amma bayanin yana buƙatar gyara kaɗan. Wannan ra'ayin na cewa faɗuwar dare ke haifar da hawan safe na Michael Somogyi ne, masanin sinadarai ɗan asalin Hangare da ya yi aiki a Amurka, ya kawo shi tun ƙarshen shekarun 1930. Da aka samu na'urorin da ake mannawa a jiki suna auna sukari dare da rana, sai aka ga abin bai cika faruwa yadda aka daɗe ana koyarwa ba. Galibi daren da sukari ya faɗi, da safe ma ƙasa-ƙasa ake samunsa. Inda aka ga 58 ta koma 200, sau da yawa mutumin ya farka ne cikin karkarwa ya shanye kwalbar lemo guda, ya bi da biredi da dabino.

Sista Mai Jinya
Na karɓi gyaran. Amma ko hanta ce ta zubo ko kwalbar lemo ce, hukuncin ɗaya ne: wanda aka samu ƙasa da 70 ƙarfe 3 na dare rage masa allurar dare ake yi, kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. Mai yin yunit 20 ya koma 18 ko 16. Kuma a koya masa gyaran faɗuwa da ma'auni: giram 15 na sukari, wato ƙwayar sukari uku, ko cokalin shayi uku cike a rabin kofin ruwa, ko kamar mililita 150 na lemon kwalba mai sukari, bai kai rabin kwalba ba. A jira minti 15 a sake aunawa. Idan har yanzu ƙasa da 70 ne a maimaita. Yunwar da ke zuwa da faɗuwar sukari tana da ƙarfi ƙwarai, shi ya sa ya fi kyau a ajiye ƙwayoyin a ƙirge cikin 'yar leda a gefen katifa, kada a shiga kicin. Wanda ya suma kuwa ba a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi a gefensa a nufi asibiti.

Malam Famasis
Ku ba ni dama in shigo ta ɓangaren maganin kansa, don mai tambaya ya ce allura safe da yamma, kuma a wajenmu hakan kusan kullum yana nufin Mixtard 30 ko makamancinta. Kashi 30 cikinta insulin mai saurin aiki ce, kashi 70 mai matsakaicin zango, wato NPH, farar nan mai kama da madara. NPH tana fara aiki bayan awa ɗaya zuwa biyu, ta kai ƙololuwa tsakanin awa 4 zuwa 8 ko 10, sannan ta yi ta ja da baya.

To ku lissafa. An yi allura ƙarfe 7 bayan magariba don a ci tuwo. Ƙarfinta zai kai ƙololuwa tsakanin 11 na dare da 3, daidai lokacin da jiki ya fi jin insulin kuma ya fi rashin buƙatarta. Zuwa ƙarfe 5, lokacin da hanta ta buɗe rumbu, allurar ta fara lanƙwasa. Idan aka ɗaga yunit 20 zuwa 24, an ƙara wa tsakar dare ƙarfi ne, asuba kuwa ɗan abin da za ta samu kaɗan ne. Nan ne mutane ke faɗawa: lambar safe ta ƙi sauka, su yi ta ƙari, har ranar da tsakar dare ta kayar da su.

Gyaran da aka sani shi ne a raba allurar yamma gida biyu. Actrapid, mai saurin aiki, minti 30 kafin abincin dare, Insulatard kuma, wato NPH zalla, ƙarfe 10 zuwa 11 lokacin kwanciya. Ta haka ƙololuwarta za ta faɗo tsakanin 3 da 7 na safe, ta yi karo da hawan asuba. Allura uku ke nan a rana maimakon biyu, da kwalba biyu maimakon ɗaya, kuma likita ne zai raba yunit ɗin. Mixtard kanta ba a mayar da ita lokacin kwanciya, domin kashi 30 ɗin nan mai sauri zai sauka cikin jini babu abinci.

Mai Kula da Zaure
Malam, wasu za su ce me zai hana a koma Lantus, insulin mai dogon zango, a huta?

Malam Famasis
Ga mai hali, tana rage faɗuwar dare sosai, domin gilajin, insulin ɗin da ke cikin Lantus, ba ta da ƙololuwa mai tsini, aikinta shimfiɗe yake kusan awa 24. Tresiba ta fi ta tsawo, tana wuce awa 42. Amma abu biyu. Na ɗaya, ba sa ɗaukar nauyin abinci, dole a haɗa da mai sauri a kowane cin abinci, allura huɗu ke nan, kuɗin kuma ba ɗaya ba ne. Na biyu, shimfiɗaɗɗiyar insulin ba ta san asuba ta yi ba. Mai hawan asuba na gaske zai iya ganin 120, 115, sannan 190 ko a kan Lantus. A wasu mutanen kuma ba ta cika awa 24: wanda ke yin ta da safe sai ta ƙare masa daidai asubar gobe. Irin wannan akan mayar masa da ita dare, ko a raba ta biyu. Na'urar famfon insulin ce kaɗai ake iya saita wa ta ƙara zuba daga ƙarfe 2 ko 3, ita kuwa ƙalilan ne ke iya mallakarta.

Likitan Sukari
Bari in ƙarasa karatun lambobin, don ba a gama ba. Idan bambancin kwanciya da farkawa bai wuce 30 ba, sama ko ƙasa, insulin ɗin dare daidai take. Saboda haka mai ganin 240 da dare, 230 ƙarfe 3, 225 da safe, ba shi da matsalar asuba ko kaɗan. Da hawansa ya kwanta. Matsalarsa abincin dare ne ko allurar abincin dare, can za a gyara. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma ƙara masa ta dare zai sa ranar da ya kwanta da 120 ya wayi gari a 50.

Mai ganin 130, 175, 225, yana hawa a hankali tun farkon dare, shi ne wanda insulin ɗinsa ta yi kaɗan ko ta ƙare da wuri. A nan ƙari ya halatta: yunit 2, ko kashi 10 cikin ɗari, a tsaya kwana uku a ga sakamako kafin a sake taɓawa, kuma a ci gaba da duba ƙarfe 3 bayan kowane ƙari. Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda. Idan aka sauya yunit da lokaci da abinci rana ɗaya, ba za a san wanne ya yi aiki ba.

Abin da ake nema da safe ga yawancin manya 80 zuwa 130 ne. Tsoho, ko mai ciwon ƙoda, ko wanda ba ya jin alamun faɗuwa, akan sassauta masa. Mai juna biyu kuma akan matsa, ƙasa da 95. Ga mai ciwon sukari nau'i na biyu da ke kan insulin, idan ta dare ta haura rabin yunit a kowane kilo na nauyinsa, kamar yunit 40 ga mai kilo 80, kuma ana ta ƙari, a tsaya a duba wani wurin. Ƙwayar maganin sukari ta metformin tana rage abin da hanta ke zubowa, bai kamata a jefar da ita don an fara allura ba sai da dalili.

Ɗan Maraɗi
Gaisuwa ga manya. Tunatarwa ga 'yan uwa na ɓangaren Nijar: takardun gwaji a nan da giram a lita ake rubutawa. 130 da kuke faɗa ita ce 1,30 g/L, 70 kuma 0,70. Wasu na'urorin da ake kawowa daga waje kuma mmol suke nunawa, sai a ninka da 18: 7,2 ita ce 130, 3,9 ita ce 70. Kowa ya duba ƙasan allon na'urarsa ya ga wane ma'auni ne kafin ya kwatanta da lambobin zauren nan.

Hajiya Malamar Abinci
Madalla da wannan. Ni zan tsaya a kan kwano. Ba kowane hawan dare ne laifin insulin ba. Tsire ko balangu ƙarfe 9, ko tuwo da miyar taushe da ta sha gyaɗa da mai, ko soyayyen abu mai yawa, maiƙonsu yana riƙe abinci a ciki, sukarin ya fito a makare, awa huɗu zuwa takwas bayan ci. Awon kwanciya zai yi kyau, ƙarfe 3 ya haura. Ga kuma fura da nono da ake sha a kwanta, wadda mutane da yawa ba sa lissafa ta cikin abinci, alhali gero ne zalla, sau da yawa har da sukari.

Amma akwai wani hawan da ake haɗawa da na asuba alhali daban yake: na bayan karin kumallo. An tashi da 125, an sha koko da sukari, ko shayi mai madarar gwangwani da rabin biredi, ƙarfe 9 an ga 290. Koko gari ne da aka tace aka cire dusa, ruwa-ruwa, ba ya jimawa a ciki, kuma yana zuwa a lokacin da jiki ya fi taurin kai ga insulin. Actrapid da Mixtard suna buƙatar minti 30 cif kafin loma ta farko. NovoRapid da Humalog da Apidra, waɗanda suka fi saurin aiki, minti 15 zuwa 20. Mai yin allura da kofi a hannu, abincin zai riga maganin shiga jini, ya hau ƙarfe 9, sannan ya faɗi kafin azahar.

Gyaran kwanon: a rage kokon zuwa ƙaramin kofi babu sukari, a fara cin ƙosai ko alale ko dafaffen ƙwai kafin a sha. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ma ya fi biredi nesa ba kusa ba. Yankan biredi ɗaya kusan giram 15 ne na sitaci, mutane kuwa huɗu ko biyar suke ci. Tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan karyawa tana rage tsinin.

Likitan Yara
Hajiya ta taɓo inda nake so. Ga masu lissafin sitaci, ana raba 500 da jimillar yunit na yini don a san giram nawa yunit ɗaya ke ɗauka. Mai yunit 40 a rana, kusan giram 12 ke nan. Da safe sau da yawa ba ya isa, sai an koma yunit ɗaya ga giram 10 ko 8. Na gyaran hawa kuma ana raba 1800 da jimillar ga masu sauri irin NovoRapid, 1500 ga Actrapid. Mai yunit 40 ɗin nan, yunit ɗaya zai sauke masa kusan 45. Ya tashi da 220 yana neman 130, bambanci 90, yunit 2 zai ɗora a kan ta karin kumallo. Wannan mafari ne kawai, likitansa zai daidaita masa. Kuma ba a yin gyara da Mixtard, ba a kuma sake gyara kafin awa huɗu, domin ta farko ba ta gama aiki ba, sai su taru su kayar da mutum.

Iyaye su sani hawan asuba ya fi tsanani a shekarun balaga, saboda sinadarin girma da dare yake fita da yawa. Yaro ɗan shekara 14 da lambarsa ta safe ta lalace ba lallai satar zaƙi yake yi ba. Zarginsa yana sa ya fara ɓoye lambobi. A zauna a ga allurar dare ta shiga da ido, domin mantuwa da tsallakewa ma suna da yawa a wannan shekarun.

Mai Kula da Zaure
Akwai saɓani kan ɗan abin taɓawa kafin barci. Wasu sun ce dole ne, wasu sun ce shi ke ɓata safiya.

Hajiya Malamar Abinci
Ya danganta da allurar. Mai Mixtard da magariba, idan awon kwanciya ya yi ƙasa-ƙasa, kamar 100 zuwa 110, ko ya yi aikin ƙarfi da yamma, ya ci giram 15: yankan biredi ɗaya da 'yar gyaɗa. Mai Lantus ko Tresiba da aka daidaita ba ya buƙata kullum. Wanda kuwa ba ya iya kwana sai ya ci, in ba haka ba ya faɗi, allurarsa ce ta yi yawa.

Sista Mai Jinya
Kafin a ɗora wa hanta laifi, a duba hannu da fata. NPH da Mixtard suna kwantawa a gindin kwalba. A mirgina tsakanin tafin hannu sau 10, a juya sama da ƙasa sau 10, har ta zama fara gaba ɗaya babu gudaji, ba girgizawa da ƙarfi ba. Wanda bai gauraya ba yau ruwa zai ja, jibi kauri, lambobinsa ba za su taɓa daidaita ba.

Sai wurin allura. A shafa ciki da cinya da yatsu, in da ɗan mai ya fi. Idan aka ji tudu mai tauri kamar roba a ƙarƙashin fata, kitse ne ya taru saboda yawan huda wuri ɗaya. Mutane suna son wurin don ba ya zafi, amma insulin ba ta shiga jini daidai daga nan. A ƙaurace masa wata biyu zuwa uku, a riƙa matsawa faɗin yatsa ɗaya tsakanin huda da huda. A kula sosai: ranar da aka koma lafiyayyar fata yunit ɗin da aka saba zai yi ƙarfi fiye da da, saboda haka ana ragewa tukuna a auna. NPH ta dare ta fi dacewa a cinya ko mazaunai, inda take shiga a hankali. Mai amfani da alƙalamin insulin ya fesar da yunit 2 a iska kafin kowace allura, ya danna har ƙarshe, ya ƙirga 10 kafin ya zare. A wanke hannu da sabulu a busar kafin awo, ragowar dabino ko mangwaro a yatsa yana iya ƙara lamba da yawa.

Malam Famasis
Ƙari a kan na Sista: sirinji da kwalba su zama jinsi ɗaya. Akwai U-40 akwai U-100, wato yunit 40 ko 100 a kowace mililita, an rubuta a jikin kowanne. Insulin U-40 a sirinjin U-100, kashi 40 cikin ɗari kawai na abin da ake nufi zai shiga, sukari ya yi ta hawa. Akasin haka kuma ninki biyu da rabi ne, wanda zai iya kisa.

Zafi ma yana cinye ƙarfinta. Wadda ba a buɗe ba a firji, digiri 2 zuwa 8, ba cikin gidan ƙanƙara ba, wadda ta daskare ta mutu ko da ta narke. Wadda aka buɗe yawanci sati huɗu ne, a rubuta ranar buɗewa a jiki. Inda babu wuta, randa cikin randa da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, irin wadda Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa, tana aiki in an ajiye a inuwa mai iska. A sa kwalbar cikin busasshen mazubi mai murfi, kada ta taɓa ruwa. Binciken da Jami'ar Janeba ta yi tare da ƙungiyar likitoci ta MSF, wanda ya fito a 2021, ya nuna insulin ta riƙe ƙarfinta sati huɗu a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Wannan bai haɗa da cikin mota a rana ko ɗakin kwano a watan Afrilu ba. Idan lambobi sun lalace gaba ɗaya, safe da rana da dare, ba tare da sauyin abinci ba, a buɗe sabuwar kwalba a gwada kafin a ƙara yunit.

Likitan Sukari
Iyaka ɗaya da ba a jira dare uku a kanta: sukari sama da 250 tare da amai, ciwon ciki, ƙishirwa mai tsanani, numfashi mai zurfi da sauri, ko barci-barci. A gwada kiton, sinadarin da ke taruwa idan jiki ya rasa insulin, a fitsari in akwai tsinken gwajin, in ya nuna matsakaici ko mai yawa, ko babu abin gwajin, asibiti nan take. Zazzaɓin cizon sauro, ƙurji, ciwon haƙori da cutar mafitsara duk suna ɗaga sukari, haka ma magungunan dexamethasone da prednisolone. Mai ciwon sukari nau'i na ɗaya kada ya dakatar da insulin ɗin dare ko da ba ya cin abinci.

Ga mai tambayar farko: ya sa ƙararrawar waya ƙarfe 3, na'ura da tocila da ƙwayar sukari uku a gefen katifa, dare uku, ba lallai a jere ba. Ya kai wa likitansa lambobi tara tare da kwalbar da sirinjin da yake amfani da su, a kuma duba masa fatar ciki da cinya a zaman.